Kundin Tunawa na 'Yan Aji Shida: Aikin da Wata Maɗaba'a Ta Yi Mana a Birnin Kebbi

Duk shekara, da zarar 'yan aji shida sun gama jarrabawar WAEC a watan Yuni sun shiga ta NECO, hankalinsu yakan rabu biyu, rabi a kan karatu, rabi a kan shirin ranar yaye. A makarantar 'yan mata da nake koyar da Hausa a Birnin Kebbi, hukumar makaranta ba ta yarda da al'adar nan ta rubuce fararen riguna da alƙalamin maka a ranar ƙarshe ba, don haka kwamitin walima ya yanke shawarar a buga wa ɗalibai kundin tunawa mai ɗauke da hoton kowace ɗaliba da sunanta da garinsu, a kuma bar fararen shafuka a ƙarshe inda ƙawaye za su rubuta wa juna abin da suke so. Wata ƙaramar maɗaba'a da ke kusa da babbar kasuwa muka ba aikin, wadda take haɗa ɗab'i da ɗaukar hoto.

Abu na farko da ya sa na natsu da mai shagon shi ne ƙin karɓar hotunan waya da ya yi. Ɗalibai sun so kowa ta turo nata ta WhatsApp, sai ya bayyana mana cewa manhajar tana matse hoto, kuma abin da ya yi kyau a fuskar waya yakan fito dishi-dishi a kan takarda. Da kansa ya zo makaranta da kyamara da labulen bango, tare da wata ma'aikaciyarsa da ta riƙa gyara wa yara zaman hijabi, abin da ya kwantar wa iyaye da malamai hankali ƙwarai. Ya zaɓi inuwar baranda da hantsi, domin farin hijabi a tsakar rana yakan rinjayi kyamara har fuska ta yi duhu. Da wasu ɗalibai suka roƙe shi ya ƙara musu haske, cewa ya yi: "Malama, wanga littafi na ajiya na, in na canza musu fuska, bayan shekara ashirin wa za ya gane su?" Na goyi bayansa ɗari bisa ɗari, kuma yau duk wanda ya buɗe kundin zai ga kowace yarinya da kamanninta da Allah Ya ba ta.

Inda ya fi nuna ƙwarewa shi ne wajen sunaye. Ajin namu ya tara yara daga masarautun jihar huɗu, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, akwai Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dakarkari da Kambari, kuma ba kowane suna ne mai buga kwamfuta zai ji da kunne ya rubuta daidai ba. A samfurin farko, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, duk sun koma 'yan akwatuna, saboda salon rubutun da ya ɗauka ba shi da su, har sunan Ɗakingari ya fito ba kai. Bai yi gardama ba, ya nemo salon da yake da su, sannan ya bugo jerin sunayen a takarda ya ce kowace ɗaliba ta duba nata ta sa hannu a gefensa kafin a kai ga inji. Wannan dabara tasa ce, ba tamu ba, kuma ita ta sa har aka raba kundin ba a sami wadda ta kawo kukan an ɓata mata suna ko an ɗora hotonta a kan sunan wata ba. Duk malamin da ya taɓa ganin yadda kuskuren harafi ɗaya a takardar shaida yake wahalar da ɗalibi wajen neman gurbin karatu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Takardar ciki mai sheƙi ce, giram 135 (yawan giram shi ke nuna kaurin takarda), bangon kuwa giram 300 da aka lulluɓe da leda. Shafukan rubutu na ƙarshe ya ba da shawarar a yi su da farar takarda giram 80, domin tawadar biro ba ta saurin bushewa a kan mai sheƙi, hannu na gogawa take ɓatawa. Ya kuma ɗinke littafin da zare kafin ya sa gam, yana mai cewa gam kaɗai ba ya jure zafin Afrilu a garin nan, lokacin da ma'auni kan haura 40.

A ranar walima na ga amfanin waɗannan fararen shafuka. Bayan ƙira'a da jawabin shugabar ɗalibai da rabon kyaututtuka, yaran, cikin ankonsu da lallen da aka kwana ana zanawa, suka watsu a filin makaranta suna miƙa wa juna littafi. Na leƙa 'yan kaɗan da izinin masu su: lambobin waya na iyaye da na yayye, laƙabin da aka riƙa kiran juna da shi tun aji ɗaya, addu'o'i, da kuma neman gafara, wanda shi ya fi yawa. Waɗannan yara ba za su sake taruwa a wuri guda ba. Wasu za su tafi Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wasu jami'ar jiha da ke Aliero, wasu Kwalejin Waziri Umaru a nan Birnin Kebbi ko ta Adamu Augie a Argungu, wasu Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wasu kuma ɗakin aure kafin shekara ta zagayo. Wata uwa da ta yi makaranta tun kafin a cire Kebbi daga jihar Sakkwato a 1991 ta faɗa mini cewa hoto ɗaya ne tak na ajinsu ya rage mata, kuma rabin waɗanda ke ciki sunayensu sun ɓace mata.

Duk da haka, aikin bai rasa aibu ba, kuma babbansa shi ne saɓa alkawarin lokaci. An yi da shi zai kawo kaya mako guda kafin walima, sai ga shi ana gobe taro da dare muke ƙirga kwafi. Ya kafa hujja da rashin wuta da tsadar man janareta, amma na ga katunan ɗaurin aure jibge a teburinsa, kuma ina ganin ya karɓi aiki fiye da ƙarfin injinsa. Na biyu, hoton ajin gaba ɗaya ya shimfiɗa shi a kan shafi biyu, sai ɗinkin tsakiya ya cinye fuskokin waɗanda suka tsaya a tsakiyar layi, ciki har da uwar ajin. Ana tsakar aiki kuma ya nemi ƙarin kuɗi saboda tashin farashin takarda, wadda akasari daga waje ake shigo da ita. Uzurin yana da kamshin gaskiya, domin kowa ya san halin da naira ta shiga tun 2023, sai dai kuɗin ɗalibai ne da aka tara da kyar, kuma an kai ruwa rana kafin a daidaita a kan rabin abin da ya nema.

Makarantar da za ta ba shi aiki baɗi, ina ganin za ta ji daɗinsa idan ta kai masa tun watan Maris, kafin a shiga jarrabawa, ta kuma rubuta yarjejeniyar farashi da ranar karɓar kaya, ta nemi a sa hoton aji a shafi ɗaya a kwance. Akwai wasu kwafi da koren kayan makaranta ya rine ya koma shuɗi-shuɗi, kuma ya sake buga su ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. Sai dai kafin su iso 'yan kwana na Zuru da Yawuri sun riga sun tafi gida, don haka an ajiye musu a ofishin mataimakiyar shugaba, za su karɓa idan sun zo ɗaukar sakamako.