Waifa mara ƙarfe da maganin korar ruwa: yadda suka yi mini a damina da hunturun Jos

Gab da faɗuwar damina na sayi abubuwa biyu a wajen masu kayan mota na Dilimi: waifa irin mara ƙarfen nan, wadda take a lanƙwashe kamar baka, da ƙaramar kwalbar maganin da ake shafa wa gilashin gaba don ruwan sama ya riƙa zamewa. Damina ta zo ta wuce, hunturu ma ya yi nisa, kuma sana'ata tana yawan kai ni Abuja ta hanyar Akwanga da Keffi. Saboda haka an gwada su a inda ya kamata a gwada su. Waifar ta ci kuɗinta har da riba. Maganin kuwa yana da inda yake aiki da inda ba ya yi, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa wa mutum wannan ba.

Kuɗin waifar ya kusa ninka na gama-gari sau uku, shi ya sa na tsaya ciniki. Mai shagon, dattijo ne da ya daɗe a harkar, bai rage mini abin kirki ba, amma ya yi abin da ya fi ragin amfani. Ya fito ya shafa bayan yatsunsa a gilashin, ya ce, "Alhaji, in na ɗaura maka ita a kan wannan gilashin, jibi za ka dawo ka ce na cuce ka. Akwai maiƙo a jiki." Na ce, "Baba, ai jiya aka wanke motar." Ya ce wankin mota daban, wankin gilashi daban. Ya sa yaronsa ya wanke da ruwa mai yawa, ya bi da maganin goge gilashi, sannan ya ɗauko farin tsumma ya sake bi. Tsumman ya fito da baƙi-baƙi, alhali a ido gilashin tas yake. Wannan maiƙon hayaƙin dizal ne na manyan motoci, da man da masu wanki ke goga wa jikin mota, da ragowar sabulu. Shi ne yake sa fitilar motar da ke tahowa ta watsu a fuskar direba da dare, kuma shi ke sa sabuwar waifa ta yi ta tsalle tana ƙugi.

Abin da ya bambanta wannan waifar da tsohuwar yayi shi ne yadda take danna gilashi. Mai ƙarfe tana da 'yan ƙafafu da ke riƙe robar a wurare kaɗan, don haka ƙarfin dannawar yana taruwa a nan, tsakani kuma ya yi sako-sako. Da ƙura da tsatsa sun shiga gaɓoɓin, sai ta fara barin layi-layi. Mara ƙarfen kuwa ba ta da waɗannan ƙafafun na waje, siririn ƙarfe mai tsalle ne kawai a ɓoye cikin roba daga wannan kai zuwa wancan, yana bin lanƙwasar gilashin gaba ɗaya. Bayanta kuma an yi shi yadda iska za ta ƙara danne ta idan mota na gudu, maimakon ta ɗaga ta.

Na ga amfanin haka sosai a Hawan Kibo. Duk wanda ya taɓa haurowa nan cikin ruwan Agusta a bayan tirela ya san abin da nake nufi: ga kwana, ga gangara a gefe, ga taɓon da tayoyin tirelar ke feso maka, kuma ba damar wucewa. A irin wannan wurin, rabin daƙiƙar da gilashi ya yi dishi-dishi ba ƙaramin abu ba ne. Waifar tana sharewa sau ɗaya hanya ta fito sarai, ba ta barin farin layin nan daidai saitin ido. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, ruwanta daga Afrilu ne zuwa Oktoba, wani lokacin har da ƙanƙara, kuma yakan sauko ba sallama. Ni dai tun da na ɗaura ta ban sake gangarawa gefen titi ina jiran ruwa ya tsagaita don waifa ta gaza ba, sai in ruwan ne ya fi ƙarfin kowa.

Maganin korar ruwa fa? Aikinsa shi ne ya hana ruwa shimfiɗewa a gilashi, sai ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, iska ta kwashe shi sama. A buɗaɗɗiyar hanya, kamar tsakanin Akwanga da Keffi, da gudu ya kai wajen kilomita 60 a awa, abin yana da ban sha'awa ƙwarai. A yayyafi ko waifa ba na kunnawa. Ƙwarin da ke mannewa da dare ma sun fi saurin fita wajen wanki.

Amma cikin gari labarin ya sha bamban. A cunkoson Terminus ko na Farin Gada, inda mota ke tafiyar kunkuru, babu iskar da za ta kwashe ƙwayoyin ruwan, sai su tsaya, kowacce tana ɗaukar hasken fitila. Dole ka koma ga waifa. Kuma a duk sharewa akwai wani siririn fari da ke bin bayan robar na ɗan ƙiftawar ido kafin ya ɓace, wanda ya fi fitowa da dare. Ba ya kuma daɗewa: inda waifa ke bi shi ne yake fara gogewa, bayan 'yan makonni sai an sake shafawa, kuma sai gilashin ya bushe, a inuwa, a goge shi sosai da busasshen tsumma. Wanda ya shafa da gaggawa zai sami gilashi mai hazo-hazo. Direban da ke dogon zango zai more shi. Wanda iyakarsa gida, ofis da kai yara makaranta, gara ya ƙara kuɗin a kan waifa mai kyau.

A madubin gefe ban ga amfaninsa ba sam, domin madubin a bayan kwanonsa yake, iska ba ta dukan fuskarsa, ruwan sai ya zauna ɗigo-ɗigo. Abin da ya fi yi mini a nan shi ne siririyar ledar da ake mannawa, wadda ke yin akasin haka: tana shimfiɗa ruwan ya zama fai-fai, ka ga abin da ke bayanka. Tana da araha, sai dai ƙura na saurin kashe ta. Wannan ba abin wasa ba ne a gari mai yawan keke napep, inda mai keke zai iya ɓullo maka ta dama kana shirin shan kwana.

Akwai kuma abin da duk waɗannan ba sa magancewa, wato gumin da gilashi ke yi daga ciki. Da sanyin safiyar Jos, ko in ana ruwa an ɗaga gilasai mota cike da mutane, numfashi ne ke sauka a kan gilashi mai sanyi. Na sha ganin direbobin haya suna gogewa da hula ko tafin hannu, abin da ke ƙara shafa masa maiƙo. Maganinsa a cikin motar yake: a kunna esi, a juya iskar ta hau gilashi, a kashe maɓallin da ke jujjuya iskar ciki don ta waje ta shigo. Esi yana busar da iska, shi ya sa yake aiki ko da an murɗa shi wajen ɗumi. In babu esi, a ɗan sauke gilasan gefe.

Kyamarar ribas ba ta buƙatar komai sai tsumma mai laushi da ɗan ruwa. Tun Mayun 2018 doka ta wajabta ta a kan sabbin ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka, don haka yawancin tokumbo na bayan nan suna zuwa da ita. Tana can kusa da lambar mota, inda iska ke tara duk ƙurar hanya, kuma idonta bai fi ƙwayar wake ba, ɗigon taɓo ɗaya ya isa ya rufe yaron da ke tsaye a baya. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a unguwanninmu yara a ƙofar gida suke wasa. Ban shafa mata maganin ba, saboda irin wanda na saya na gilashi ne kawai, bai dace da roba ba.

Hunturu ne ainihin mai cin waifa, ba damina ba. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana kwana a gilashi, kuma a cikinta akwai ɓurɓushin yashi da ya fi gilashi tauri. In aka kunna waifa a bushe a kanta, robar na jan yashin yana karce gilashin, shi ne zanen baka-baka da ake gani idan rana ta fuskanci mota da yamma. Kullum da safe ina kwara ruwa kafin in taɓa komai, in ɗaga waifar in share bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma. Tankin feshi kuma ba na barin sa ba ruwa, ba na kuma yarda a zuba masa garin sabulun wanki, don yana toshe bakin feshin ya bar fari a gilashi. Da haka robar tawa ta kawo yanzu ba tsagewa, ko da yake ta gefen direba ta fara barin ɗan layi a can sama. Masu ƙera waifa da kansu suna cewa a canza ta duk wata 6 zuwa 12, kuma rana da ƙurarmu ba za su bari ta wuce haka ba.

Wanda zai saya, ya je da motar shagon, kada ya aika. Tsawon ta dama da ta hagu yawanci ba ɗaya ba ne, maƙalin hannun waifa ma iri-iri ne. Jabu sun cika kasuwa, kwalinsu sak na gaske. A ciro ta daga kwali a ja yatsa a bakin robar: ta kirki tana da santsi da laushi, in an lanƙwasa ta kuma ta koma yadda take nan take. A ɗaura, a fesa ruwa, a kunna a gaban mai shago kafin a miƙa kuɗi.