Sharhi: kunamar kasuwa a kan Glock 19 ɗin da nake ɗaurawa a ƙugu

Kayan da zan yi magana a kai saitin kunama ne na kasuwa na fistol ƙirar Glock, irin wanda ake saya a cire na kamfani a maye gurbinsa da shi. Ba zan kama sunan masu yinsa ba, domin kamfanoni da yawa a Amurka suna sayar da irinsa, kuma tsarinsu kusan ɗaya ne. Na biya dala 160 da ɗoriya. A cikin kwalin akwai kunama ta alminiyom mai shafaffiyar fuska, da kanekta (ɗan ƙarfen da ke ƙayyade nauyin jan kunama) da aka goge tana ƙyalli, da sifirin na allura (ƙarfen da ke bugun gindin harsashi ya tashi) wanda bai kai na kamfani ƙarfi ba, sai wani ɗan mitsitsin sifirin na makarin allura. An rubuta a jikin kwalin cewa ya dace da gasa, ya kuma dace da bindigar tsaron kai. Kashi na farko na wannan magana gaskiya ne. Kashi na biyu ne nake da ja a kai.

A Houston nake zaune, aikina na dare ne, kuma ina da lasisin ɗaukar bindiga na jihar Texas. Tun 1 ga Satumba 2021 doka ta ba wanda ya cika shekara 21, wanda kuma ba a haramta masa riƙe makami ba, damar ɗaukar fistol a Texas ba tare da lasisi ba. Duk da haka na gwammace in zauna ajin, in yi jarrabawar harbin nan ta harsashi 50 daga nisan yadi 3 da 7 da 15, in karɓi katina. Mai karatu a gida kada ya ɗauki wannan a matsayin shawara gare shi, domin a dokar makamai ta Najeriya ta 1959 fistol na cikin rukunin da ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Maganata ta inda doka ta yarda ce.

Kunamar Glock ta asali ba ta da daɗin ja, kowa ya san haka. Nauyinta kimanin laba 5.5 ne, wato wajen kilo biyu da rabi. Idan ka fara ja za ka ji ta tafi sakwa-sakwa, sannan ta ci karo da wani tauri, ta ɗan yi jan ƙafa, kafin ta saki allura. Amma wannan doguwar tafiyar ba banza take yi ba, aiki huɗu take yi a hanya. Da farko yatsa ya danne ɗan harshen da ke tsakiyar kunamar, wanda idan ba a danne shi ba kunamar ba za ta koma baya ba. Sannan sandar kunamar ta ture makarin da ya tare wa allura hanya. A lokaci guda tana ƙarasa ja wa allurar baya, domin a Glock allura ba a ɗane take gaba ɗaya ba sai yatsa ya ƙarasa aikin. Sai a ƙarshen tafiyar ne gindin sandar ke sauka daga tudun da ke hana ta zamewa idan bindiga ta faɗi ƙasa. Da wannan tsari Gaston Glock, mai kamfanin, ya ci kwangilar sojan Austriya a 1982, kuma shi ne har yau a Glock 19 da ta fito a 1988. Duk wanda ya ce zai gajarta tafiyar kunama, daga cikin waɗannan ayyuka yake yanko wa.

Mai gyaran bindiga ne ya sa mini saitin, ya ɗora ma'auni, ta nuna laba 3.5 da 'yan kai. A filin harbi kam, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Jan ƙafar nan ya ɓace, kunamar ta koma tana tsinkewa tsaf a wuri ɗaya kullum, kuma dawowarta gaba gajeriya ce, kana jin ƙas ɗinta a yatsa. Shafaffiyar fuskar ta fi mini lanƙwasasshiya, saboda yatsana yana sauka a wuri guda ko da na zaro da sauri. A yadi 7 bambancin bai taka kara ya karya ba. A yadi 25 ne na ga ramukan sun matso kusa da juna, kuma halin nan nawa na karkatar da harsashi ƙasa ta hagu, wanda masu harbi da hannun dama suka sani, ya ragu sosai. Wanda ya ce kunama mai laushi ba ta ƙara saiti bai gwada ba. Tana ƙarawa, don ƙarfin da kake sa wa yatsa ya ragu, bindigar kuwa ba ta kai kilo ɗaya ba ko da cike take. Jan kilo biyu da rabi a kan abin da bai kai kilo guda ba dole ya girgiza shi idan riƙonka bai nuna ba.

Matsalar ta fara ne ranar da na canja harsashi. Da wanda na saba saya ba ta taɓa ƙi ba. Sai na samu wani mai araha irin na soja, wanda ƙwayar gindinsa, wadda allura ke bugawa, ta fi tauri, na ja kunama na ji ƙas, babu ƙara. Na jira, na fitar da shi, na duba gindin: allurar ta taɓa shi amma sarar ba ta yi zurfi ba. Na mayar da shi ya tashi a karo na biyu. Kafin kwalin ya ƙare abin ya maimaita kansa har ya fita daga sahun tsautsayi. Dalilin a fili yake. Rabin laushin da nake jin daɗinsa daga raunin sifirin allurar ya fito, tunda yatsa ne ke matse shi. Sifirin da ya yi sauƙin matsewa kuwa, haka zai yi sanyin bugu. Kamfani ya ba nasa ƙarfi fiye da bukatar ranar da komai ke daidai, saboda ranar da komai ba daidai ba: ƙwaya mai tauri, ko datti a ramin allura, ko mai da ya gangara ciki ya daskare.

Wannan ya fi shafar bindigar da ake ɓoyewa a jiki fiye da ta gasa. Ta gasa tana kwance a jaka, a goge, a fito da ita ranar Asabar. Tawa tana cikin kube a jikin fata awa goma, a zafin Houston da gumin watan Agusta. Duk wanda ya kwance bindigar da ya ɗauka wata guda zai ga abin da ta tara na zaren riga da ƙura. A filin gasa harsashin da ya ƙi tashi daƙiƙa biyu ya ci maka. A bakin mota da ƙarfe uku na dare lissafin daban ne.

Na koma wurin wani mai gyaran, wanda ya yi kwas ɗin Glock, na ce ya duba mini saitin gaba ɗaya. Ya cire marfin bayan bindigar ya sa wani mai ruwan lemo da aka yanke rabinsa, wanda ta cikinsa ake hango inda gindin sandar kunama ya kama ƙafar allura. Ƙa'idarsu ita ce kamun ya kai kashi biyu bisa uku ko fiye. Nawa yana kan gaɓa. Ya kuma nuna mini abin da ya fi tayar mini da hankali: saboda an rage tafiyar farko, kunamar tana hutawa ne a baya kaɗan da inda ta kamfani ke hutawa, har sandar ta riga ta fara taɓa makarin allura tun ba a sa yatsa ba. Bai ce bindigar za ta tashi da kanta ba, kuma ba ta taɓa yi ba. Cewa ya yi ratar da aka bari don kuskure ta tsuke, kuma ƙarfe yana cinyewa da amfani. Ni kuwa a gaban ciki nake ɗaura kubena, bakin bindigar yana kallon cinya, inda babbar jijiyar jini ta bi.

Irin wannan rata ba ƙananan kamfanoni kaɗai take kamawa ba. A Janairun 2017 sojan Amurka suka zaɓi fistol ɗin SIG P320 ta zama tasu, da sunan M17. A cikin shekarar aka nuna cewa samfurin da ake sayar wa jama'a yana iya tashi idan ya faɗi ta ƙeya a wata kusurwa, har 'yan sandan Dallas suka dakatar da amfani da ita. A watan Agusta kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, kuma cikin abin da aka canja har da rage nauyin ƙarfen kunamar kanta, don kada nauyinta ya ja ta baya idan bindigar ta bugi ƙasa. Idan kamfani mai injiniyoyi da ɗakin gwaji ya gamu da wannan, ina dalilin da zai sa in yarda cewa haɗin sassa huɗu daga kwali, a bindigar da ba a gwada su tare da ita ba, ya tsallake?

Sai kuma jikin mutum. Masana motsin jiki irin su Roger Enoka sun bayyana yadda hannu ke damƙewa ba da niyya ba idan mutum ya firgita, ko ya yi tuntuɓe, ko ɗaya hannun ya cafki wani abu da ƙarfi. Gaskiya ne irin wannan damƙa tana iya rinjayar kunama mai nauyi ma, shi ya sa maganin farko shi ne yatsa ya zauna a jikin bindiga, nesa da kunama, sai an yanke shawarar harbi. Amma akwai ƙananan abubuwa da tsawon tafiya da nauyi ke tarewa, kamar gefen riga ko igiyar jaket da ta shiga kube lokacin mayar da bindiga. Da kunamar kamfani kana iya jin turjiya ka tsaya. Da laba 3.5 da gajeriyar tafiya, lokacin da za ka ji ya ragu.

Ba ina cewa nauyi shi ne alheri ba. 'Yan sandan birnin New York sun shafe shekaru da kunama mai laba 12, wadda ake kira da sunan birnin, kuma an daɗe ana sukar cewa tana ɓata musu saiti. A 2021 suka fara ba sababbin ɗauka mai kimanin laba 5. Harsashin da ya kauce wa inda aka nufa, a titi mai jama'a, shi ma haɗari ne. Abin lura shi ne inda suka sauka: kusa da abin da kamfani ke fitarwa tun asali, ba ƙasa da shi ba. Glock ma kanekta mai laushi a samfuran gasa irin su 34 da 35 ta saba sa wa.

Batun kotu ana yawan zuzuta shi a shagunan bindiga, amma yana da tushe. Massad Ayoob, wanda ya daɗe yana koyar da harbi yana kuma ba da shaida a kotuna, ya sha gargaɗin kada a sauko da kunamar bindigar tsaro ƙasa da abin da kamfaninta ya ƙayyade. Hujjarsa ita ce kare kai abu ne da ake yi da gangan, don haka lauyan ɗaya ɓangaren zai so ya ce ba da gangan ka harba ba, kunamar da ka sassauta ce ta kuɓuce maka, sai maganar ta koma sakaci. An ga irin wannan zargi a shari'ar ɗan sanda Luis Alvarez a Miami, bayan harbin da ya yi a Disambar 1982, inda masu gabatar da ƙara suka ce ya ɗana bindigarsa ne ta tashi bisa kuskure. An wanke shi a 1984, bayan doguwar shari'a. Ni baƙo ne mai lafazin wata ƙasa da suna irin nawa. Ba na son in ƙara wa lauyana aikin bayyana wa masu taya alƙali hukunci dalilin da ya sa na canja cikin bindigata.

Yanzu an mayar da sifirin allura da na makari da kanekta da sandar kunama duk na kamfani. Abin da na bari na canji abin auna bara ne na saman bindiga, na ƙarfe mai haske da dare a madadin na roba, da kube mai tauri na robar Kydex wanda ya rufe kunama ruf. Kunamar asali ma ta yi santsi da kanta bayan harbi mai yawa da atisayen ja ba harsashi a gida, kuma harsashin sojan da ya ƙi tashi a da, ragowarsa duk ya tashi. Ramukan yadi 25 sun ɗan sake buɗewa, ban musa ba.

Saitin kunamar kuwa ban mayar wa masu shi ba. Yana cikin wata Glock 34 da nake zuwa gasar ƙarshen mako da ita, da harsashi mai laushin ƙwaya wanda na san tana so, kuma a can ina ba shi huɗu cikin biyar. Wanda ke da bindiga ɗaya tak, ita ce ta gasa ita ce ta ƙugu, ya bar dala 160 ɗinsa ya sayi harsashin atisaye da su. Wanda kuma ya riga ya sa irin wannan saiti a bindigar da yake ɗauka, ya kai ta wurin mai gyaran da ke da marfin nan mai ruwan lemo, sannan ya gwada ta da ainihin harsashin da yake zubawa a ciki idan zai fita, ba da na atisaye kaɗai ba.