Rigar kanti ko ɗinkin cikin birni?

A kasuwar Sabon Gari, da an ce riga 'yar China ce sai mai saye ya yatsina fuska. Rainin bai dace ba: can ana yin nagari, ana yin na banza, ɗan kasuwa ke zaɓa. Arharta ke suturta yara ranar Sallah. Damuwata ladan maɗinkin da ba ka gani. Ginin masana'antun ɗinki na Rana Plaza da ya rufta a Bangladesh a 2013 ya kashe mutum sama da 1,100.

Riga mai aikin hannu ta cikin birnin Zazzau akwai tsada, shaddarta ma daga waje take. Amma ga mai allura nan a zaure, yatsa duk kanta, kana iya biyansa hannu da hannu. Ita nake zaɓa.