Ajin karin waƙa na unguwar Zango: kunne kafin alƙalami

A unguwar Zango ta birnin Damagaram akwai wani malamin adabi da ke karɓar ƴan kolej da ƴan lise a zauren gidansa ranakun Laraba da Asabar bayan la'asar, yana koya musu yadda sauti ke gina rubutacciyar waƙa. Ɗiyata tana cikin ɗalibansa, ni ma na zauna a bayan aji na saurara kafin in rubuta wannan sharhi, kuma ra'ayina shi ne ajin ya cancanci kuɗinsa, domin malamin ya gane cewa waƙa abar ji ce tun kafin ta zama abar karantawa.

Ba ya fara darasi da sunayen karuruwa, wato ma'aunan waƙa. Yana farawa da tafi. Sai ya furta kalma, yara su buga tafi mai ƙarfi a kan gaɓa mai nauyi, su taɓa cinya a kan gaɓa mai sauƙi, har su gane da kansu cewa "talaka" gaɓoɓi uku ne masu sauƙi, "sarki" biyu ne masu nauyi, "ruwa" kuwa sauƙi ce sannan nauyi. Wannan mataki yana da muhimmanci ga yaranmu musamman, saboda a makaranta da Faransanci suke karatu, inda ake ƙidaya gaɓoɓin ɗango, wato layin waƙa, a ce ga goma sha biyu ko ga takwas, alhali mawaƙin Hausa auna nauyinsu yake yi. Yaron da ya shigo da lissafin Faransanci kaɗai zai ƙirga ɗango ya ce ya cika, amma da an rera sai a ji ya karye.

Na ga amfanin wannan hanya ranar da wani yaro ya kawo ɗangon da ya tsara: "Ruwa ya zubo mun yi shuka da safe." Malamin ya sa aka rera shi da tafi, sauƙi ɗaya nauyi biyu, sauƙi ɗaya nauyi biyu, har ƙarshe, sannan ya goge "zubo" ya rubuta "sauka". Ma'ana ba ta canja ba, amma duk ajin ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya, domin gaɓa mai nauyi ta zauna a gurbin mai sauƙi. Sai bayan nan ne ya faɗa musu cewa wannan kari shi ake kira Mutaƙarab, kuma yana cikin karuruwan da Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara a ƙarni na 8, guda 15, daga baya aka ƙara ɗaya suka zama 16. Yaran da suka tashi suna jin waƙoƙin bege a daren Mauludi sun riga sun san waɗannan karuruwa da kunne, abin da ya rage musu shi ne suna.

Darasin amsa-amo, wato daidaituwar sautin ƙarshen ɗangwaye, ya wuce da sauri, kuma daidai ne, tunda ba shi da wahalar ganewa: babba yana rufe kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, ƙarami kuma yana ɗaure ɗangwayen cikin baiti, kamar a ƙwar biyar, wato baiti mai ɗango biyar.

Inda malamin ya fi burge ni shi ne batun yanayi. Ya rubuta "Ƙasa ta ƙeƙashe, ƙishi ya ƙi ƙarewa" a allo, ya ce kowa ya maimaita a hankali ya lura da maƙogwaronsa. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai sai da na ji ƙishin." Daga nan ya bayyana karangiya, wato maimaita sauti ɗaya a jerin kalmomi, ya nuna yadda ƙ da ts da ɗ ke tsinke numfashi su kawo tsanani, yadda kuma l da m da n da dogayen wasula ke shimfiɗa murya, shi ya sa waƙar raino ke cike da su. Ya haɗa da amsa-kama, irin su tsit da tinjim da ƙirin, waɗanda sautinsu kaɗai ke zana hoto. Bai yi iƙirarin cewa kowane harafi yana da ma'ana tasa ba. Ya ja kunnensu cewa sauti yana ƙarfafa abin da kalmomi suka riga suka faɗa ne, kuma wannan gaskiya ta ƙara mini yarda da shi.

Akwai gyara, kuma ba ƙarami ba ne. Takardun aikin gida da yake rabawa an buga su da rubutun yau da kullum, wanda ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, har yaro ya kasa bambance garin da ake zama da garin da ake tuwo da shi sai ta jimla. A aji muryar malam tana toshe wannan giɓi, amma a gida ɗalibi yana auna ɗango da ka, ya yi kuskuren da ba laifinsa ba ne. Da zai ninka dogayen wasula a takardun, ko ya naɗi muryarsa ya tura wa iyaye ta WhatsApp, da matsalar ta kau. Haka kuma waƙar baka ba ta samu rabonta ba, abin da ya ba ni mamaki a garin da ake jin kakaki da algaita a ƙofar fada, kuma ake da makaɗan kalangu da za su iya nuna wa yara yadda kiɗa ke bin hawa da saukar murya. Zauren ma ƙarami ne, ƙarar babura daga titi takan haɗiye ƙarshen ɗango.

Ajin zai fi amfanar yaron da ke jin Hausa sosai kuma ba ya kunyar ɗaga murya a gaban ƴan'uwansa. Mai neman shirin jarrabawar Faransanci kaɗai zai ƙaru da kaifin kunne, amma sai ya nemi ƙarin darasi a wani wuri. Kuɗin wata bai kai abin da muke biya na darasin lissafi ba, kuma malamin yana barin iyaye su zauna su saurara kafin su yi wa ƴaƴansu rajista.