Google Analytics, Clarity ko Hotjar: amsa ga mai shafin shinkafa

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka buɗe wa shagon babanku na shinkafa a Birnin Kebbi shafin intanet, kana tallarsa a Facebook, mutane na shiga amma ciniki shiru. An ambata maka Google Analytics da Microsoft Clarity da Hotjar, ka rasa wanda za ka kama.

Ukun nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Google Analytics akawu ne, lissafi ya sani. Clarity da Hotjar kuwa yaron shago ne da ke tsaye yana kallon mai saye: wane buhu ya taɓa, a ina ya yamutsa fuska, yaushe ya juya ya tafi.

Akawun zai gaya maka mutum nawa suka shigo, ta Facebook ko ta binciken Google, da wace irin waya, kuma a wane shafi suka fice. Kyauta ne. Nau'in Google Analytics da ake aiki da shi yanzu shi ne GA4; tsohon ya daina karɓar bayanai tun 1 ga Yuli 2023, saboda haka ka duba shekarar duk bidiyon koyarwar da za ka bi, kada ka yini kana neman maɓallin da babu shi. Rahotonsa kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya daidaita. Ka kuma shiga saiti ka mayar da ajiyar bayanai daga wata 2 zuwa wata 14. Wajen faɗin garin da mai ziyara yake kuma kada ka yarda da shi ido rufe, domin da adireshin intanet yake hasashe, sau da yawa mutum yana zaune a Argungu da layin wayarsa amma a nuna maka shi a Legas ko Abuja.

To amma kai ba ƙidaya ce damuwarka ba. Ka riga ka san suna shiga suna fita. Dalili kake nema, kuma nan ne Clarity ya fi.

Microsoft ne suka fito da shi ga kowa a 2020, kyauta, ba tare da ƙayyade yawan masu ziyara ba. Yana maimaita maka ziyarar mutum kamar bidiyo, ka ga inda ya gangara, inda ya tsaya, inda ya latsa. Yana kuma zana taswirar zafi, wurin da aka fi taɓawa ya yi ja. Abin da ya fi burge ni shi ne yana ware maka ziyarorin da aka yi ta latsa wuri ɗaya cikin haushi, da waɗanda aka latsa abu bai motsa ba, ba sai ka kalli ɗaruruwa ba. Na taɓa duba wa wani mai kayan ɗinki shafinsa da shi. A kwamfutar wanda ya gina shafin komai tsaf, amma a ƙaramar waya hoton talla ya hau kan maɓallin oda ya danne shi. Mun ɓata makonni muna zargin farashi, ashe mutane so suke su saya hanya ce babu. Ziyara goma muka kalla muka gano. Sai dai yawancin bidiyon kwana 30 yake yi ya goge, wanda ka ga yana da amfani ka yi masa alama da wuri.

Hotjar ya girmi Clarity, a Malta aka kafa shi a 2014, kamfanin Contentsquare ya saye shi a 2021. Shi ma yana da bidiyo da taswira, ya ƙara da ɗan akwatin tambaya da zai bullo wa mai ziyara ya ce me ya hana ka saye. Kyautarsa tana da iyaka, wuce nan sai biya da kuɗin waje, kuma ka san yadda canji yake. Ga shagon da bai fara ganin riba daga shafin ba, ni dai ba zan ce ka taɓa aljihu ba.

Akwai wuri biyu da duk ukun suka makance. Idan maɓallin odarka WhatsApp yake kai mutum, da zarar ya latsa ya fita daga idonsu, ko ya saya ko bai saya ba sai littafinka ya faɗa. Na biyu, masu Opera Mini da suka kunna matse data sosai: shafin ana sarrafa shi ne a can wurin Opera kafin ya iso wayar, 'yar rubutacciyar umarnin da manhajojin nan suka dogara da ita ba ta aiki yadda ya kamata. Mutanenmu na ƙauye da yawa ta nan suke shiga.

Shi ya sa nake so ka haɗa da ƙafa. Jakob Nielsen, masanin wannan fanni, ya rubuta tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono mafi yawan matsalolin shafi. Ranar kasuwar Jega ko nan babbar kasuwa, ka samu mutum biyar, har da dattijo da mace mai sayar da abinci, ka ce kowa ya sayi buhu ɗaya da wayarsa. Kai dai ka kame bakinka ka kalla. In za ka rubuta amsoshinsu a waya, manhajar KoboCollect na aiki babu sabis ta tura daga baya, Google Forms kuwa sai da intanet.

Bayanan mutane amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kanka kamar yadda ta hau kan banki. Clarity yana rufe abin da aka rubuta a gurbin cikewa, ka bar shi haka, ka kuma sa sanarwa a shafin cewa ana duba yadda ake amfani da shi.

Ka sa Clarity da GA4 tare yau, ana ma iya haɗa su daga cikin saitin Clarity. Bayan mako guda ka tace ziyarorin waya kaɗai, ka kalli ashirin, sannan ka turo mana abin da ka gani a shafin farashi.