Psiphon: ku sauke ta tun kafin a toshe hanya

Masu tambaya wace VPN ce ta fi, wato manhajar da ke buɗe maka shafukan intanet da aka toshe, ni dai Psiphon nake ba da shawara, tun lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe Twitter a watan Yunin 2021 take cikin wayata har yau. Kyauta ce, babu rajista babu neman imel ko lambar waya, ka sauke ka danna kawai ta haɗa, ko ƴar ƙaramar Android ce tana ɗauka. A Jami'ar Toronto ta Kanada aka fara ƙirƙiro ta, dama can saboda mutanen da gwamnatinsu ke toshe musu intanet aka yi ta, shi ya sa in an toshe mata wata hanya da kanta take lalubo wata.

Ta kyautar akwai talla kuma ba ta da gudu sosai, rubutu da hoto lafiya lau, bidiyo kam sai haƙuri. Sannan su kansu masu ita sun faɗa, buɗe maka shafin da aka toshe take yi, ba ɓoye ko kai waye ba, don haka kar wani ya ɗauka layar zana ya samu.

Abin da ya sa na damu da wannan maganar shi ne Sudan. A Disambar 2018 da mutanen Atbara suka fito kan tsadar burodi, gwamnatin Albashir ta toshe Facebook da WhatsApp da Twitter, matasa suka koma VPN suna sanar da juna inda za a haɗu, zanga-zanga ta ci gaba har aka yi zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartoum, ranar 11 ga Afrilun 2019 mutumin da ya shekara 30 yana mulki ya faɗi, sojoji suka karɓi mulki. To amma ranar 3 ga Yuni da aka buɗe wa masu zaman dirshan wuta aka kashe sama da mutum 100, sai sojoji suka katse intanet ɗin wayoyi gaba ɗaya sama da wata guda, kuma a nan babu VPN ɗin da za ta yi maka komai wallahi, tunda babu netwok ɗin da za ta hau. Duk da haka kwamitocin unguwanni suka bi gida gida suna sanarwa baki da baki, ranar 30 ga Yuni jama'a suka cika tituna maƙil, dole sojojin suka zauna aka raba mulki da farar hula. Taron jama'ar nan shi ya tsorata su.

Don haka manhajar na ba ta 4 cikin 5. Ku sauke yanzu da hanya take a buɗe, ku tura wa ƴan'uwa ta Xender, kuma lambobin mutanen unguwarku ku rubuta su a takarda.