Sharhi kan ƙaramin samfurin jirgin Caravelle na haɗawa da hannu

Samfurin roba ne da ake sayarwa a kwali, mutum ya haɗa da gam ya yi masa fenti da kansa. Ma'auninsa 1 cikin 144 ne, wato jirgin da tsawonsa ya kai mita 32 ya dawo kimanin santimita 22. Na saye shi ne saboda ƙaunar da nake yi wa Caravelle, jirgin Faransa da ya fara tashi ranar 27 ga Mayu 1955, ya shiga jigilar fasinja a 1959.

Abin da ya fi burge ni shi ne fukafukan. Sumul suke, babu abin da aka rataya musu, domin injinan Rolls-Royce Avon guda biyu suna maƙale ne a gefen jiki, can baya kusa da wutsiya. Wannan dabarar ce ta fito da sunan jirgin. Ta rage ƙara a ɗakin fasinja, kuma daga baya jirage irin su DC-9 na Amurka da BAC One-Eleven na Ingila suka bi sahu. Da farko ma inji uku Faransawa suka tsara masa, sai da Avon ya ƙara ƙarfi aka ga biyu sun wadatar. Da na manna injinan na ɗaga shi a tafin hannu, a nan na gane dalilin da ya sa masana ke yabon ƙirarsa.

Tagogin ma sun fito daidai: masu kusurwa uku ne da aka lanƙwasa, faɗin a ƙasa, don fasinja ya riƙa hangen ƙasa sosai. Goshin jirgin kuwa na jirgin fasinja Comet na Ingila ne, da izini aka ɗauko fasalinsa, kuma duk wanda ya san Comet zai shaida shi nan take.

Inda na ga kasawa biyu ne. Takardar bayanin ba ta ce a saka nauyi a goshi ba, alhali nauyin duk a baya yake. In ba ka cusa ɗan ƙarfe a gaba ba kafin ka rufe jikin, zai zauna a kan wutsiya. Sannan matakalar da ake saukewa daga ƙarƙashin wutsiya, wadda fasinjoji ke hawa ta cikinta, zane kawai aka yi mata, ba ta buɗewa. Wannan ya ɗan sosa mini rai, don tana cikin abubuwan da aka san jirgin da su.

Sitikar Air France kaɗai aka sako. Na so a ce akwai ta kamfanin jiragen sama na Air Afrique, tunda shi ma ya yi aiki da Caravelle, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa shi.

Jiragen Caravelle guda 282 kamfanin Sud Aviation da magajinsa suka ƙera kafin a daina a 1972, yanzu sai a gidajen tarihi. Mai haƙuri da ƙananan sassa ya saya, ba zai yi da-na-sani ba. Amma yaro ƙarami sai da babba a kusa, saboda ƙafafun tayoyin sirara ne ƙwarai, saurin karyewa gare su.